Ɗan Aiken Uxía

Ƙarfe huɗu na asuba a Vigo,
ruwa na dukan rufin kasuwar kifi.
A bene, saman ɗakin ƙanƙara,
Uxía Carballeira ta rataye rigar ruwa,
ta kunna kwamfuta, kofi yana huci.

Daren jiya ta saki ɗan aikenta,
wanda ba mace ta haifa ba,
ba ya barci, ba ya jin ƙarni.
Kayan aiki goma sha bakwai ta damƙa masa,
kowanne a rufe ruf kamar gwangwani,
sai ɗan rubutun da aka manna a jiki.
Abin da rubutun ya faɗa, shi ya sani.
Inda rubutun ya yi shiru, sai ya cike da zato.

Sau ɗari biyu ya je kasuwar gwaji,
kifin ƙarya, kuɗin ƙarya.
Ɗari da sittin da ɗaya sun fito kore,
talatin da tara ja wur.

Ta buɗe na fari.
An ce ya sayo jatan lande kilo goma sha biyu.
Ya rubuta sha biyu, ya aika, ya ce an gama.
Na'ura kuwa da giram take awo.
Abin da ya sayo bai cika cokali ba.

Brais ya shigo yana karkaɗe lema,
ya leƙa, ya tuntsire da dariya:
"Wannan dai dolo ne."
Ba ta tanka ba. Ta juya masa allon
ta ɗora yatsa kan layi guda:
"Nauyi: nauyin kaya."
Shi ya rubuta, ranar wata Juma'a,
yana saurin kama jirgin ruwan Cangas.
In ɓera na da sata,
daddawa ma na da wari.

Ga kuma tagwaye, "rufe oda" da "kammala oda":
ɗaya na biyan kuɗi, ɗaya na soke ciniki,
an ɗinka musu riga iri ɗaya.
Sau sha tara ya kama wannan yana nufin wancan.

Sai ta tuna kakarta, Sabela,
da yadda take aikenta tana 'yar shekara takwas:
rumfa ta uku, ba ta mai gemun nan ba,
ki dubi idon kifin, in ya dushe ki bari,
in babu sardin kar ki musanya da komai,
ki dawo da kuɗin a tafin hannunki.
Tsohuwar ba ta taɓa cewa "je ki sayo kifi" ba.

Brais ya ji haushi, ya zuba shafi guda cur
kan kayan aiki ɗaya.
Suka sake gwaji. Makin ya ragu.
Ɗan aike ya nutse cikin surutu,
gargaɗin yana can layi na arba'in, bai kai gare shi ba.

Ita ta ɗauki almakashi.
Me yake yi. Da wane ma'auni.
Yaushe ne ba a taɓa shi.
Misali ɗaya tak, da lambobin gaske.

Kafin rana ta taɓa tsibiran Cíes
ɗari da casa'in da uku sun yi kore.
Saura bakwai.
Shida laifin alƙalaminsu ne har yanzu.

Na bakwai ta daɗe tana kallonsa.
An rubuta masa 3/4 a gurbin kwanan wata,
sai ya tsaya cak, bai sayi komai ba,
ya ce: "Uku ga Afrilu, ko huɗu ga Maris?"
Ma'aunin ya ba shi ja, wai bai gama aiki ba.

A ƙasa ana ta jan akwatuna kan jiƙaƙƙen siminti.
Uxía ta kurɓi kofin da ya riga ya huce,
ta bar ɗan aike yadda yake,
ta buɗe ma'aunin, ta fara gyara.